Buga Takarda ta Wi-Fi Direct

Wi-Fi Direct tsari ne da ke haɗa waya ko kwamfuta da firinta kai tsaye, ba kebul, ba rauta a tsakani. Ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fara tantance na'urori masu wannan tsari a 2010, wayoyin Android kuma sun samu shi daga Android 4.0 a 2011.

Firintar ce ke buɗe tata 'yar hanyar sadarwa. Idan aka kunna tsarin, sunanta zai fito a jerin Wi-Fi na waya, yana farawa da DIRECT. Sai a zaɓe shi, a sa lambar sirri, a tura takarda. Firintocin HP da dama suna zuwa da lambar sirri 12345678 daga kamfani, kuma barin ta haka sakaci ne, don na bakin shago ma zai iya shiga.

Ga shagunan kwamfuta na Ƙaraye da Rogo, masu buga silif ɗin JAMB da sakamakon WAEC da NECO, ribar tsarin ita ce tura takarda ba ya cin data. Amma sai an sauke fayil tukuna, domin firinta ba ta ba da intanet. Wuta kuwa dole ce, ko ta sola ko ta janareta.