Waldar Sanda da Waldar Waya: Waiwaye a kan Tarihinsu

A wannan takarda muna so mu bi sawun hanyoyi biyu na haɗa ƙarfe da wutar lantarki, wato waldar sanda da waldar waya, domin ana yawan cewa ta biyun ta zo ne ta kori ta farkon. Mu dai a ganinmu tarihi bai goyi bayan wannan magana ba.

A shekarar 1888 ne Nikolai Slavyanov na ƙasar Rasha ya nuna cewa sandar ƙarfe za ta iya ɗaukar wuta, ta kuma narke ta cike gaɓar da ake son haɗawa. Amma fa sandar tsirara take, saboda haka iska takan shiga narkakken ƙarfen, gaɓar ta fito da ramuka, ta yi saurin karyewa. Wanda ya magance wannan shi ne Oscar Kjellberg, mutumin Suwidin, wanda ya kafa kamfanin ESAB a 1904, ya kuma fito da sanda mai rufi wajen 1907. Rufin nan idan ya ƙone yakan ba da hayaƙin da ke kare narkakken ƙarfe daga iska, sa'an nan ya bar ɓawo a sama, wanda mai walda ke ƙwanƙwasawa da guduma bayan ya huce. Ya zuwa 1920 har an ƙera jirgin ruwa mai suna Fullagar a Ingila, wanda walda ce ta haɗa gangar jikinsa gaba ɗaya.

Aibin sanda shi ne gajarta. Da ta ƙare sai a tsaya, a yar da guntun, a sa wata, a kankare ɓawo. A masana'anta wannan tsaiko asara ce. Don haka a 1948 aka fito da waldar waya a cibiyar Battelle ta Amurka: inji ne ke turo siririyar waya daga ƙullinta ba yankewa, iskar gas kuma tana fitowa daga tukunya tana yin aikin da rufin sanda ke yi. Da fari alminiyam aka fi yi wa ita, domin gas ɗin argon yana da tsada ƙwarai. Sai a 1953, da Lyubavskii da Novoshilov suka yi amfani da gas ɗin kabon a Tarayyar Sobiyet, hanyar ta yi arahar da za a kama baƙin ƙarfe da ita.

To, me ya hana sanda mutuwa? Gas ɗin nan da ke kare waya, iska kaɗan ke kore shi, kuma hanyar ba ta son ƙarfe mai tsatsa ko fenti. Abin lura ma shi ne, wayar da kamfanin Lincoln ya fitar a 1959, mai ɗauke da garin kariya a cikinta, komawa ce ga dabarar Kjellberg, sai dai an juyar da rufin ya koma ciki.

Akwai wani abin mamaki kuma. Hanyar da aka ƙirƙira domin manyan masana'antu ita ce daga baya ta fi karɓuwa wurin masu yin walda a gida don sha'awa a Turai da Amurka, saboda hannu ya fi saurin sabawa da ita, kuma ba ta cika huda falle marar kauri irin na jikin mota ba. Sanda kuwa, wadda ɗan koyo ke shan wahalar kunna ta tana manne masa, ta zauna a hannun ƙwararru masu haɗa bututun mai da gadoji a fili, da kuma masu waldar bakin titi na garuruwanmu, waɗanda ke ƙera ƙofofi da tagogi a sarari ba tare da sayen tukunyar gas ba.