Game of Thrones: Asalin labarin da wuraren da suka girgiza masu kallo

A ranar 19 ga watan Mayun 2019 ne tashar talabijin ta HBO da ke Amurka ta nuna kashi na ƙarshe na shirin Game of Thrones, bayan shekara takwas ana kallonsa a sassa daban-daban na duniya.

Tashar ta ce mutane miliyan 19.3 ne suka kalli kashin a daren da aka sake shi, adadin da babu wani shiri nata da ya taɓa samu kafin lokacin.

Shirin, wanda aka fara a watan Afrilun 2011, yana da zango takwas da kashi 73, kuma ya lashe lambobin yabo na Emmy har 59.

An ɗauko shi ne daga jerin littattafan marubucin nan ɗan Amurka, George R. R. Martin, wanda na farkonsu ya fito a 1996.

Kafin Martin ya amince David Benioff da D. B. Weiss su mayar da littattafan shirin talabijin, sai da ya yi masu tambaya guda: wace ce mahaifiyar Jon Snow? A lokacin babu littafin da ya bayyana amsar, amma suka canka daidai.

Duniyar Westeros

Akasarin labarin yana faruwa ne a wata ƙagaggiyar nahiya mai suna Westeros, inda lokutan shekara ba su da ƙa'ida. Zafi kan ɗauki shekaru, hunturu ma haka, kuma babu wanda ya san ranar wucewarsa.

Kimanin shekara 300 kafin a buɗe labarin, wani basarake mai suna Aegon Targaryen ya ci mafi yawan masarautun nahiyar da yaƙi, shi da 'yan'uwansa mata biyu, a bisa wasu dodanni uku masu fukafukai da ke aman wuta.

Da takubban waɗanda ya ci da yaƙi aka ƙera Karagar Ƙarfe, wadda ake ta zubar da jini a kanta tun daga farkon shirin har ƙarshensa.

Daga baya dodannin sun ƙare, ƙarfin gidan sarautar kuma ya ragu. Sarki na ƙarshe daga zuriyar, Aerys, ya haukace har ya riƙa ƙona mutane da ransu, abin da ya haddasa tawayen da ya ɗora Robert Baratheon a kan mulki. Wanda ya kashe Aerys kuwa dogarinsa ne, Jaime Lannister, da ya yi rantsuwar kare shi.

A can ƙarshen arewa akwai wata ganuwa ta ƙanƙara mai tsayin ƙafa 700 da tsawon mil 300, wadda aka ce an gina ta shekara 8,000 da suka wuce. Masu gadinta kan yi rantsuwar ba za su yi aure ba, ba za su mallaki ƙasa ba, kuma hukuncin wanda ya gudu kisa ne.

Abin da aka gina ganuwar dominsa shi ne wasu halittun ƙanƙara da ake kira White Walkers, masu tayar da gawawwaki su mayar da su mayaƙansu. Sai dai tsawon zamani ya sa mutanen kudu sun ɗauke su tatsuniyar tsoratar da yara.

A nan ne ginshiƙin labarin yake: manyan gidaje na kashe juna a kan kujera, alhali halakar da za ta haɗa da su duka tana tahowa daga bayan ganuwa.

Tarihi na gaskiya a cikin almara

Duk da dodanni da tsafin da ke ciki, Martin ya jingina da yawa daga cikin labarin da tarihin Birtaniya.

Gabar da ke tsakanin gidan Stark da gidan Lannister ta yi kama da yaƙin basasar da aka fara a Ingila a 1455 tsakanin gidajen York da Lancaster, wanda ya ɗauki kimanin shekara 30. Ko a sunayen ma ana jin kamannin.

Ganuwar ƙanƙarar kuma ta samo asali ne daga ganuwar da Sarkin Rum Hadrian ya sa aka fara ginawa a arewacin Ingila a shekara ta 122. Martin ya ziyarce ta a 1981, ya tsaya a kanta yana tunanin halin da sojan Rum kan shiga idan yana duban ƙasar da bai san abin da ke cikinta ba.

Kisan Ned Stark

Abu na farko da ya nuna wa masu kallo cewa shirin ya saɓa da abin da suka saba shi ne kashi na tara na zangon farko, a watan Yunin 2011.

Ned Stark, wanda Sean Bean ya fito a matsayinsa, shi ne tauraron shirin, hotonsa ne ma a jikin allunan talla. Mutum ne mai gaskiya da riƙon amana, wanda Sarki Robert ya naɗa waziri.

Ya gano cewa Yarima Joffrey ba ɗan sarki ba ne, domin Sarauniya Cersei ta haife shi ne da tagwayenta Jaime. Maimakon ya kama ta, sai ya gargaɗe ta da ta gudu da 'ya'yanta, don kada a kashe yaran. Wannan tausayi ne ya ba ta damar shirya masa tarko.

An yi masa alkawarin sassauci idan ya amsa laifin cin amanar ƙasa a bainar jama'a. Ya amsa laifin da bai yi ba domin ya ceci 'ya'yansa mata, amma Joffrey ya ba da umarnin a sare masa kai nan take.

Ɗaurin auren jini

Babu wani kashi da aka fi tattaunawa a kansa kamar na ranar 2 ga watan Yunin 2013, wanda aka fi sani da Jan Biki.

Robb Stark, ɗan Ned na fari, ya ɗauki makami tun lokacin da aka kama mahaifinsa. Don ya tsallaka da rundunarsa ta wata gada, ya yi wa tsohon basarake Walder Frey alkawarin auren 'yarsa, amma daga baya ya saɓa, ya auri wata mai jinyar mayaƙa da ake kira Talisa.

Aka yi sulhu a kan cewa kawunsa Edmure zai auri 'yar Frey a madadinsa. Robb da mahaifiyarsa Catelyn da matarsa mai juna biyu suka halarci bikin, suka ci gurasa da gishirin mai gida.

A al'adar Westeros, duk baƙon da ya ci abincin mai masaukinsa ya shiga amanarsa, haramun ne a taɓa shi. Wanda ya tashi da jin karin maganar nan ta baƙonka annabinka ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan girman abin da ya biyo baya.

Ana cikin shagali aka rufe ƙofofi, makaɗa suka sauya take zuwa na gidan Lannister, sannan suka ajiye kayan kiɗa suka ɗauki baka. An fara da Talisa, aka bi da Robb, wanda na hannun damansa Roose Bolton ya ƙarasa, aka rufe da yanka Catelyn. Sunayen ma'aikatan shirin suka biyo baya babu kiɗa ko kaɗan.

Martin ya sha faɗin cewa wannan ne babi mafi wuya da ya rubuta, har sai da ya tsallake shi ya kammala sauran littafin na uku, wanda ya fito a 2000, sannan ya dawo kansa.

Shi ma daga tarihin Skotland ya ɗauko shi. A 1440 an gayyaci basaraken gidan Douglas, ɗan shekara 16, da ƙanensa cin abinci a fadar Edinburgh tare da Sarki James na Biyu, wanda shi ma yaro ne, aka fitar da su aka sare masu kai. A 1692 kuma sojojin gwamnati da suka yi kusan mako biyu a matsayin baƙin dangin MacDonald a Glencoe sun tashi da asuba sun kashe kimanin mutum 30 daga cikin masu masaukinsu.

Daenerys da sauran

A ɗaya ɓangaren teku, Daenerys Targaryen, 'yar sarkin da aka hamɓarar, ta shiga wutar da ake ƙona gawar mijinta ɗauke da ƙwai uku da suka zama dutse, ta fito da safe ba ta ƙone ba, da jariran dodanni uku a jikinta. Da wannan aka rufe zangon farko.

An ɗauki wani ɓangare na labarinta a Maroko, a garin Essaouira da tsohuwar ƙaryar Ait Benhaddou, sauran shirin kuma a Ireland ta Arewa da Kuroshiya da Aisland da Malta da Spaniya. Fadar masarautar Dorne da aka gani a zango na biyar ita ce Alcazar ta birnin Seville, mai ɗauke da salon ginin Musulmin Andalus.

Wanda ya fito a matsayin sarkin Dorne ɗin, Alexander Siddig, haifaffen Sudan ne, kuma ɗan ɗan'uwan tsohon Firayim Minista Sadiq al-Mahdi. Akwai kuma 'yan wasan Birtaniya masu asali da Najeriya, irin su Nonso Anozie da Adewale Akinnuoye-Agbaje.

A zango na shida, a 2016, an bayyana asalin sunan Hodor, ƙaton bawan Allah da ba ya iya furta komai sai wannan kalma. Ashe guntun umarnin da aka yi masa ne da Ingilishi na ya riƙe ƙofa a ranar mutuwarsa, wanda ya ratsa zamani ya same shi tun yana yaro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Shekarunsa duka yana maimaita ajalinsa ne ba tare da kowa ya sani ba.

A wannan zangon ne aka nuna gwabzawar Jon Snow da Ramsay Bolton, wadda aka yi kwana 25 ana ɗauka da mutum 500 a matsayin mayaƙa.

Suka

Shirin ba na kallo da iyali ba ne. Yana cike da tsiraici da zubar da jini, kuma ko a ƙasashen Yamma an soki yadda yake nuna cin zarafin mata. A 2015, bayan wani kashi da aka nuna yi wa Sansa Stark fyaɗe, 'yar majalisar dattawan Amurka Claire McCaskill ta bayyana cewa ta daina kallonsa.

An kuma soki ƙarshen zango na uku, inda dubban bayi masu duhun fata suka ɗaga Daenerys, farar fata, suna kiranta uwa. Masu suka sun ce hoton Bature mai ceton sauran jinsi ne aka sake zanawa. Martin ya amsa cewa a littattafansa bauta ba ta da alaƙa da launin fata, kuma mutanen da aka samu a Maroko ne aka ɗauka.

Ƙarshen da ya raba kan masoya

Tun daga zango na shida shirin ya wuce inda littattafan suka tsaya, domin na biyar ya fito ne a 2011, na shida kuma bai fito ba har aka kammala. Raunin da hakan ya haifar ya fito fili a zango na takwas, wanda aka taƙaita zuwa kashi shida, aka kashe wa kowanne kimanin dala miliyan 15.

An yi dare 55 ana ɗaukar yaƙi da halittun ƙanƙara, amma masu kallo da dama sun yi ƙorafin cewa duhu ya hana su ganin abin da ke faruwa. Barazanar da aka yi shekara takwas ana gina ta kuma ta ƙare a dare guda, da wuƙar Arya Stark.

A kashi na gaba aka hango kofin shan gahawa irin na zamani a kan teburi gaban Daenerys, wanda HBO ta goge da kwamfuta bayan an yi ta yi mata ba'a.

Babbar taƙaddamar ita ce yadda Daenerys ta ƙona babban birnin Westeros da mutanen cikinsa bayan sun miƙa wuya. Alamun hakan na nan tun farko ga mai lura, domin ta daɗe tana hukunci da wuta. Matsalar ita ce gaggawar da aka yi, inda aka juya halin da aka yi shekaru ana ginawa cikin kashi biyu.

Daga ƙarshe Jon Snow, wanda ta tabbata ɗan Rhaegar Targaryen da Lyanna Stark ne, kuma mai haƙƙin gadon sarauta, ya kashe ta. Dodonta ya narkar da Karagar Ƙarfe, manyan ƙasa suka zaɓi Bran Stark gurgu ya zama sarki, arewa kuma ta ɓalle a ƙarƙashin Sansa.

Mutane fiye da miliyan ɗaya ne suka sa hannu a wata takardar koke ta intanet suna neman a sake shirya zangon, abin da HBO ba ta yi ba.

A watan Agustan 2022 tashar ta fara nuna House of the Dragon, wanda ya koma baya kusan shekara 200 domin ba da labarin yaƙin basasar da gidan Targaryen ya yi da kansa, yaƙin da ya cinye mafi yawan dodanninsu. An nuna zangonsa na biyu a 2024.