Madubi

madūbī (sn., nj.; jam. màdū̀bai). Tushe: dūbā̀.

1. Gilashin da mutum ke ganin surarsa a ciki. Mis.: an sayo wa amarya ~ a kasuwar Mashi.

2. ~n ido: tabarau.

3. (kwamf.) Tsarin haɗa faifan ajiya biyu, ta yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya, nan take za a rubuta shi a ɗan'uwansa. Shi ne RAID 1, a rabe-raben da masana uku na Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka wallafa a 1988. Ba ya maido da abin da aka goge bisa kuskure, domin gogewar tana aukuwa a duka biyun.

raba ~ (fi'ili): mayar da kowane faifai mai zaman kansa. Sharuɗɗa: lalle ne, kafin a taɓa kome, a kwafe bayanan a faifai na uku, a tabbata biyun sun gama daidaituwa, a kuma rubuta lambar jikin kowanne, domin wanda ya yi gaggawa yakan shafe lafiyayyen ya bar mai illa. A Windows umarni biyu ne: na rabawa yana barin kwafi biyu, na cirewa yana shafe ɗaya. A Linux da mdadm ake yi. Mis.: akawu ya raba ~ ya kai faifai ɗaya Daura.

mayar da ~: sake haɗawa, faifan da aka shigar shi ake shafewa.

Dangi: dūbā̀ (fi'ili), dūbā (sn., nj.), aikin malamin duba.