Maburgi

Maburgi ya samo sunansa daga aikinsa. Tushen kalmar shi ne "burga", wato a murza sanda tsakanin tafin hannu biyu har abin da ke cikin ƙwarya ya haɗe. Hausa ta ɗora "ma-" a gaba da "-i" a ƙarshe, yadda ta ƙera mabuɗi daga buɗe, da madubi daga duba. Wasu kan ce maburkaki.

A Kurgu da sauran ƙasar Bagudo, daga Ka'oje har Lolo ta bakin iyakar Benin, da shi matan Fulani ke burga nono kafin a dama fura, da shi kuma ake kaɗa miyar kuka. 'Yan yatsun da ke bakinsa su ke cusa iska cikin nonon, sai kumfa ta taso.

Wannan dabarar ce kamfanin kofi na Starbucks ya baza a shagunansa na Amurka a 2018, kumfar madara mai sanyi a kan kofi da ƙanƙara, sai dai da inji. A gida ma tana yiwuwa. Madarar da aka rage wa mai ta fi riƙe kumfa, kuma a burga ta tana da sanyi sosai.