Kundin kod mai mu'amala a manhajojin ilimin yara

Kundin kod mai mu'amala wani nau'in daftarin kwamfuta ne da ke haɗa rubutun bayani, umarnin shirin kwamfuta da sakamakon umarnin a shafi guda. Mai amfani da shi yana rubuta 'yan layukan kod, ya danna maɓalli, sai amsa ta fito nan take a ƙarƙashinsu, ko lamba ce, ko jadawali, ko zane. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Jupyter Notebook. An ƙirƙiro irin waɗannan kundaye ne domin masana kimiyya da masu nazarin alƙaluma, amma tun daga shekarun 2010 malamai da masu gina manhajojin ilimi suke ƙoƙarin shigar da su cikin kayan koyarwar yaran firamare da sakandare. Aikin ya ƙunshi sauƙaƙa fuskar manhajar, rage mata nauyi yadda ƙaramar kwamfuta za ta iya ɗauka, da kare yaro daga abin da kod zai iya ɓatawa.

Tarihi

Wannan aiki ya samo asali ne daga bangarori biyu da suka daɗe ba su haɗu ba.

Na farko shi ne na koyar da yara shirin kwamfuta. A shekarar 1967, Wally Feurzeig, Seymour Papert da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro yaren Logo a Amurka. An fi saninsa da kunkurun da yaro ke bai wa umarni ya yi gaba ko ya juya, yana barin layi a bayansa. Papert ya bayyana ra'ayinsa a littafinsa mai suna Mindstorms na shekarar 1980, inda ya nuna cewa yaro ya fi fahimtar lissafi idan yana gina wani abu da hannunsa yana gyara kuskurensa, fiye da idan ana karanta masa. A shekarar 1972 Alan Kay ya wallafa tsarin Dynabook, wata kwamfuta mai girman littafi da ya yi hasashenta domin yara. Daga wannan zuriya aka samu Etoys a ƙarshen shekarun 1990, sannan Scratch, wanda rukunin Mitchel Resnick na cibiyar MIT Media Lab ya fitar a shekarar 2007.

Na biyu shi ne na masana kimiyya. A shekarar 1984 Donald Knuth ya gabatar da ra'ayin cewa a riƙa rubuta shirin kwamfuta kamar rubutun da ɗan Adam zai karanta, bayani da kod a cuɗe. A 1988 manhajar Mathematica ta fito da fuskar kundi wadda Theodore Gray ya tsara. Fernando Pérez, ɗan ƙasar Kolombiya, ya fara IPython a shekarar 2001 yana ɗalibin digirin digirgir a fannin kimiyyar fiziks a jami'ar Colorado. Kundin IPython mai aiki a burauza ya fito a ƙarshen 2011, kuma a 2014 aka ware shi ya zama Project Jupyter. Sunan yana nuni ga yarukan Julia, Python da R. Ƙungiyar ACM ta ba aikin lambar yabonta ta tsarin manhaja ta shekarar 2017.

Jami'o'i ne suka fara kai kundin aji. Misalin da aka fi ambata shi ne darasin Data 8 na jami'ar California da ke Berkeley, wanda aka fara a 2015, inda ɗaliban da ba su taɓa rubuta kod ba suke yin dukkan ayyukansu a cikin Jupyter. Daga nan aka fara tambayar ko za a iya saukowa da shi zuwa makarantun ƙasa.

Yadda yake aiki

An raba kundin gida-gida. Wani gidan na rubutun bayani ne, wani na kod. Ana iya aiwatar da kowane gida shi kaɗai, ba sai an jira an kammala dukkan shirin ba.

A Jupyter akwai sassa uku. Akwai fuskar da ake gani a burauza. Akwai sabar da ke adana fayiloli tana isar da saƙo. Sannan akwai injin aiwatarwa, wanda ake kira kanel, shi ne yake karɓar kod, ya yi aikin, ya mayar da sakamako. Injin yana riƙe da duk abin da aka faɗa masa a ƙwaƙwalwarsa har sai an kashe shi. Idan yaro ya rubuta farashi = 500 a gida na farko, zai iya rubuta farashi * 12 a gida na biyar ya samu 6000, domin injin bai manta ba. Ana adana kundin a fayil mai ƙarshen suna .ipynb, wanda a cikinsa rubutu ne na tsarin JSON, ɗauke da bayani, kod da sakamakon ƙarshe.

Abin da ke jan hankalin malamai shi ne gajertar tazara tsakanin tambaya da amsa. Yaron da aka ce ya sa kunkuru ya zana murabba'i zai maimaita tafiya da juyawar digiri 90 sau huɗu. Idan ya nemi zane mai kusurwa shida, sai ya gwada lambobi har ya gano 60, daga nan ya lura cewa adadin juyawar kullum yana cika 360. Bayanin malami yana sama, gwajin yaron yana ƙasa, kuma kuskuren da ya yi bai ɓace ba, ana iya komawa a duba shi.

Hanyoyin shigar da shi cikin manhajar yara

Hanya ta farko ita ce a ɗora komai a kan kwamfutar yaron. Wannan ba ya bukatar intanet, amma yana cin ƙwaƙwalwa da wurin ajiya, kuma kowace na'ura sai an girka mata an kuma riƙa sabunta ta. Tun shekarar 2013 kamfanin Wolfram yake bayar da Mathematica kyauta a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi.

Hanya ta biyu ita ce sabar guda ta ɗauki nauyin dukan aji, yara su shiga ta burauza. JupyterHub yana yin wannan aiki, kuma akwai ƙaramin samfurinsa da aka tsara domin rukunin da bai wuce mutum 100 ba. Ana iya ajiye sabar a cikin makaranta a haɗa ta da na'urorin yara ba tare da intanet na waje ba. Google Colab ma na wannan rukuni ne, sai dai sabar tana hannun kamfanin. A Kanada, shirin Callysto, wanda Cybera da cibiyar lissafi ta PIMS suka gudanar da tallafin gwamnatin tarayya, ya samar da kundayen Jupyter ga 'yan aji 5 zuwa 12.

Hanya ta uku ita ce injin ya zauna a cikin burauzar kanta. Pyodide, wanda ya faro a Mozilla, ya mayar da Python zuwa tsarin WebAssembly, kuma a kansa aka gina JupyterLite da aka gabatar a 2021. A Faransa, Basthon yana bin wannan hanya, kuma da shi dandalin Capytale yake amfani wajen bai wa ɗaliban sakandare aikin kod da karɓar sa. Amfaninta biyu ne: ba a bukatar sabar mai ƙarfi, kuma kod ɗin yaro yana kulle a cikin burauza, ba ya taɓa sauran fayilolin na'ura. Tsadarta ita ce saukarwar farko, mai cin megabayit da dama, da kuma cewa ba kowane kunshin Python ne yake aiki a ciki ba.

Akwai kuma manhajojin da ba Jupyter ba ne amma sun ɗauki salonsa. Swift Playgrounds na kamfanin Apple, wanda ya fito a iPad a 2016, yana ajiye bayani da kod a gefe guda, a ɗaya gefen kuma wata halitta mai suna Byte tana bin umarnin yaro.

Misalin Sugar

Sugar shi ne tsarin manhajar da aka gina domin kwamfutar XO ta shirin One Laptop per Child, kuma tun 2008 ƙungiyar Sugar Labs, wadda Walter Bender ya jagoranci kafawa, take kula da shi. Yana nuna matsalolin haɗin a fili fiye da sauran.

An rubuta mafi yawan Sugar da Python, kuma an ba yaro damar duba kod ɗin kowace manhaja da yake amfani da ita. Akwai Pippy, inda ake rubuta Python a aiwatar, da Turtle Art, inda ake jera tubala a tuƙa kunkuru. Saboda haka kundi irin na Jupyter ya dace da manufar tsarin. Sai dai gininsu ya sha bamban. A Sugar babu manyan fayiloli da ƙanana da yaro zai bi yana neman aikinsa. Akwai Journal, wanda ke adana duk abin da aka yi da kansa bisa jerin lokaci. Jupyter kuwa yana sa ran ganin fayiloli da sunayensu. Duk wanda zai haɗa su dole ya rubuta gadar da za ta karɓi kundi daga Journal ta mayar da shi can. Haka nan Sugar yana ba yara biyu ko fiye damar yin aiki guda tare daga na'urori daban-daban, abin da kundin Jupyter na asali bai tanada ba sai daga baya. Ga kuma nauyi: XO-1 tana da ƙwaƙwalwar aiki ta megabayit 256 da wurin ajiya na gigabayit 1 kacal, wanda ya yi kaɗan ga sabar, injin Python da burauzar zamani a lokaci guda.

Najeriya tana cikin wuraren da aka fara gwada XO. A shekarar 2007 an raba kwamfutocin ga ɗaliban makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja. Gwajin ya ci karo da matsalar wutar lantarki, kuma a watan Yulin shekarar aka ruwaito cewa wasu yara sun buɗe shafukan batsa, abin da ya sa aka ƙara matatar shafuka.

Matsaloli

Babbar matsalar koyarwa ita ce ɓoyayyen hali. Tunda ana iya aiwatar da gidaje ba bisa jeri ba, abin da ke rubuce a shafi yana iya saɓa wa abin da ke ƙwaƙwalwar injin. Idan yaron nan ya koma gida na farko ya mayar da farashi 700 amma ya manta bai aiwatar ba, gida na biyar zai ci gaba da ba shi 6000, alhali idonsa yana ganin 700. Babba mai ƙwarewa yakan gane ya sake kunna injin. Yaro ɗan shekara goma yakan ɗauka cewa kwamfuta tana yin abin da ta ga dama, kuma wannan shi ne akasin abin da ake son ya koya. Joel Grus ya yi fitacciyar suka kan wannan a taron JupyterCon na 2018. Wani bincike na João Felipe Pimentel da abokan aikinsa a 2019, kan kundaye sama da miliyan ɗaya daga GitHub, ya gano cewa kusan kashi 24 cikin 100 na waɗanda aka gwada ne suka yi aiki ba kuskure, kuma kusan kashi 4 ne suka maimaita sakamakonsu na asali. Manya ne suka rubuta waɗannan. Sababbin kundaye kamar Observable, Pluto.jl da marimo sun magance matsalar ta hanyar sake lissafa duk gidan da ya dogara da wanda aka canza.

Sai batun rubutu. Kundi yana bukatar yaro ya iya karatu da buga haruffa, kuma baka guda da aka manta ba a rufe ba tana jawo saƙon kuskure mai tsawo da Turanci. Shi ya sa ake yawan fara wa ƙanana da tubala irin na Scratch, a ajiye kundi sai ƙarshen firamare ko sakandare. An gina ƙarin manhajar da ke sanya tubalan Blockly a cikin JupyterLab tana nuna kod ɗin Python da suka haifar. Ko kunkurun Python na asali ba ya fitowa a burauza, domin ya dogara da tagar Tkinter, sai an yi amfani da madadinsa.

Tsaro ma abin dubawa ne. Kundi kofa ce ta aiwatar da kowane irin umarni, har da goge fayil ko shiga intanet. A sabar da aji ke rabawa, yaro guda da ya rubuta zagayen da ba ya ƙarewa zai iya tsayar da aikin kowa idan ba a iyakance wa kowane asusu rabonsa ba. Idan kuma sabar ta kamfani ce, dokokin kare bayanai suna shigowa: dokar COPPA ta Amurka ta 1998 ta shafi yara 'yan ƙasa da shekara 13, dokar GDPR ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 2018, Najeriya kuma ta yi dokar kare bayanai a 2023, wadda ta bukaci izinin iyaye ko mai kula kafin sarrafa bayanan yaro.

Kayan aiki kaɗai ba ya ɗaga sakamakon karatu. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya wallafa a 2012 kan makarantu 319 na karkarar Peru da ke cikin shirin XO bai ga ƙaruwa a jarrabawar lissafi da harshe ba bayan wata 15, ko da yake ya ga ci gaba a wasu gwaje-gwajen basira. Ba kundi aka gwada a can ba, amma masu tsara darussan kundi suna fuskantar tambaya iri ɗaya game da horar da malamai da haɗa aikin da manhajar karatu.

Harshe

Gidajen bayani suna karɓar kowane harshe, don haka malami zai iya rubuta darasinsa gaba ɗaya da Hausa. Python 3 yana kuma amincewa da haruffan Unicode a sunayen da mai shiri ya raɗa, saboda haka ƙima, ɗalibai ko ɓera sunaye ne halastattu a kod. Harafin 'y na rubutun Najeriya ba ya shiga suna, domin alamar da ke gabansa Python yana ɗaukarta a matsayin buɗe zance, amma ƴ da ake rubutawa a Nijar yana shiga. Kalmomin umarni kamar if, for da while, da saƙonnin kuskure, suna nan da Turanci. Yaren Hedy, wanda Felienne Hermans ta fara a ƙasar Holan a 2020, ya bi wata hanya: yana barin yaro ya fara da kalmomin umarni da aka fassara zuwa harsuna da dama, yana ƙara ƙa'idojin rubutu mataki-mataki har ya kai shi ga Python.