Bob Pond: Masuncin Da Ya Biya Teku Bashi

Kowace sana'a tana da sirrinta, amma da wuya a sami masu riƙe sirri kamar masuntan gaɓar teku na arewa maso gabashin Amurka. Da tsakar dare suke fita. Idan mutum ya hango fitilar wani tana tahowa, sai ya kashe tasa. Idan ya kama babban kifi, yakan tone rairayi ya binne shi don kada mai wucewa ya gane cewa wurin yana da albarka. Ka tambaye shi inda ya kama, ya nuna maka wani dutse mai nisan tafiyar awa guda. A cikin irin wannan jama'a ne aka yi wani mutum mai suna Bob Pond, wanda har yau ake tuna shi saboda sakin hannu.

Wannan kamun kifi ba na kwale-kwale ba ne, kuma ba a jefa koma ko taru. Mutum yakan sa dogon wandon roba da ya kai masa ƙirji, ya shiga ruwa daidai inda igiyar teku ke fashewa, ko ya hau wani dutse mai santsi, riƙe da sandar fatsa mai tsawon mita uku ko fiye. Sai ya wurga ƙugiya can bayan kumfar ruwa, ya riƙa jawowa a hankali. Wani ya kwana yana wurgi bai sami ko taɓawa ba. Wani kuma igiyar ruwa ta ɗauke shi daga kan dutse, sai dai a tsinci gawarsa.

Kifin da suke wa wannan wahala shi ne wanda Amurkawa ke kira striped bass, wato mai ratsi, saboda layuka bakwai ko takwas masu duhu da suka bi jikinsa daga kai zuwa wutsiya. Wanda ya san giwan ruwa zai iya kwatanta ƙirarsa. Yakan yi shekara talatin a duniya, kuma manyan da ake kamawa kusan duk mata ne. A teku yake rayuwa, amma a ruwan daɗi yake zuba ƙwai. Cikin watannin Afrilu da Mayu yakan hau kogunan da ke kwarara cikin mashigin Chesapeake a jihohin Maryland da Virginia, inda ake haihuwar mafi yawansu, da kogin Hudson da na Delaware. Daga nan garken ya nufi arewa har jihar Maine, idan sanyi ya matso ya juyo kudu. Masuncin gaɓa jiran wucewar wannan ayari yake yi.

Turawan da suka fara zama a wannan gaɓa sun tarar da kifin a wadace, har suna zuba shi a gona a matsayin taki. A 1639 hukumar Massachusetts ta hana yin hakan. A 1670 kuma mutanen Plymouth suka ware kuɗin da ake samu daga kamun kifi a Cape Cod, har da mai ratsi, don ɗaukar nauyin makarantar kyauta. Ke nan tun farko akwai masu ganin cewa abin da teku ya bayar, jama'a suna da haƙƙi a ciki.

Bayan shekaru ɗari biyu, attajirai suka mayar da abin nasu. A 1864 wasu masu kuɗin New York suka kafa kulob a tsibirin Cuttyhunk. Suka kafa turakun ƙarfe a kan duwatsu, suka shimfiɗa katako ya miƙa cikin ruwa, kowa yana samun wurin tsayuwarsa ta hanyar ƙuri'a. Talakawan tsibirin su ne ke yanka abincin jawo kifi suna watsawa a ruwa, su ne ke sa wa maigida abinci a ƙugiya, su ne kuma ke ciro kifin idan ya zo kusa. Ilimin yana wurin yaran gida, suna kuma yana wurin masu gida. Da ƙarni na 20 ya kama, kifin ya ɓace daga wannan yanki, kulob-kulob ɗin suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Kifin ya dawo bayan wata haihuwa mai yawa da aka yi a 1934. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, sai sana'ar ta koma hannun ma'aikatan masana'anta, da kafintoci, da sojojin da suka dawo gida. Zaren nailan ya shigo kasuwa, sandunan fatsa suka yi araha, mutane suka riƙa sassauta iskar tayoyin tsofaffin motocin Ford suna bin rairayin Cape Cod da su. Abin da kuɗi ba ya saye shi ne sani. Yaushe ruwa ke cika, yaushe yake janyewa? Wace iska ce ke koro ƙananan kifaye bakin gaɓa? A ina ƙasan teku ya yi kwari, inda manya ke laɓewa? Wannan sai dai wani dattijo ya ga hankalinka, ya ce ka biyo shi daren yau, kada kuma ka gaya wa kowa. Kusan duk gwanin da aka yi a wannan sana'a yana da irin wannan ubangida, kuma yawancinsu sun mutu ba a rubuta sunansu ko'ina ba.

Shi Bob Pond ko wannan gatan bai samu ba a farkon lamarinsa. Labarin da ake bayarwa shi ne, yana kamun kifi a mashigin ruwan da aka haƙa a Cape Cod, sai ya lura da wani mutum yana ta kama manya da wani abu da ba ya bari a gani. Daga baya Pond ya tsinci wani guntun katako yana yawo a ruwa, an sassaƙa shi kamar kifi, an rataya masa ƙugiyoyi. Ya gwada shi, ya ga aiki. Ya koma gida ya zauna yana sassaƙa irinsa, yana gyara nauyi da siffa har ya dace da ruwan teku. A 1945 ya fara sayarwa, ya sa masa suna Atom, sunan da ke bakin kowa a shekarar da aka jefa bam ɗin nukiliya a Japan.

Abin lura shi ne zaɓin da ya yi. Mutumin farko ya ɓoye abin da ya sani. Pond ya tsinci sirrin, maimakon ya ɓoye shi ya ci shi kaɗai, sai ya ajiye shi a kanti inda mai 'yan kuɗi kaɗan zai saya. Gaskiya ne ciniki ya yi, ya kuma sami riba. Masana'antarsa da ke South Attleboro a Massachusetts ta yi shekaru tana ƙera wannan kifin ƙarya, da katako da farko, daga baya da roba. Ba shi kaɗai ba ne a wannan buɗe ƙofa. Stan Gibbs yana sassaƙa nasa a bakin wannan mashigi, Frank Woolner da Hal Lyman na mujallar Salt Water Sportsman kuma suka fitar da littafi guda a kan kamun mai ratsi a 1954. Tsakanin masu sassaƙa da masu rubutu, abin da a da sai an yi shekaru ana bin dattijo ya zama na kowa.

A 1965 Pond ya kafa ƙungiya mai suna Stripers Unlimited, wadda ta haɗa masu kamun mai ratsi daga jihohi daban-daban. A lokacin kifi ya yi yawa, ba wanda ke tunanin ƙarewarsa. A 1970 aka sake yin haihuwa mai yawan gaske a Chesapeake. A 1973 masu kamun sayarwa suka sauke fam miliyan 14.7, kusan tan 6,700. Shekara goma bayan nan, a 1983, abin da aka sauke bai wuce fam miliyan 1.7 ba.

Wannan faɗuwa ta zo da yaudara. Kifayen da aka haifa a shekarun albarka suna ta girma, saboda haka a daidai lokacin da irin ke ƙarewa ne aka fi kama ƙatti. A watan Satumba na 1982 Al McReynolds ya tsaya kan duwatsun gaɓar Atlantic City cikin hadari, ya kama mai nauyin fam 78 da rabi, sama da kilo 35, wanda ya riƙe kambin duniya har 2011. Mai ganin irin wannan hoto a jarida yaya za a yi ya yarda cewa akwai matsala? Amma ƙanana sun ɓace. Jihar Maryland tana auna yawan 'ya'yan kifin kowace shekara tun 1954, kuma awon yana ta nuna rumbu babu komai.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Pond ba masanin kimiyyar kifi ba ne, amma ya ɗauki kuɗin da yake samu daga sayar da Atom ya riƙa zubawa a bincike. Lokacin zuba ƙwai yakan bar masana'antarsa ya gangara kogunan Maryland, ya duba ƙwan da ke cikin matan kifin, ya gwada ƙyanƙyashe su. Ya ga da yawa ba sa yin rai. Ya zargi gubar da masana'antu da gonaki ke zubarwa cikin ruwa. Ya yi ta faɗa a tarurruka, ya yi ta rubutu, jami'ai da dama suna masa kallon tsoho mai surutu. A lura da matsayinsa: mutum ne da cinikinsa ya dogara ga a ci gaba da kamun kifi, ga shi yana yawo yana cewa kifin yana cikin haɗari.

Da aka zurfafa bincike, amsar ta ɗan bambanta da tasa. A 1979 Sanata John Chafee na Rhode Island ya sa majalisar dokoki ta amince da binciken gaggawa a kan mai ratsi. Masana suka gano cewa lalacewar ruwa tana kashe 'ya'yan kifi a wasu koguna, amma babban abin da ya karya irin shi ne kamu fiye da kima. Ana kwashe kifin tun yana ƙarami, mata ba sa kai shekarun haihuwa. Wato masunta da kansu, na sayarwa da na nishaɗi, har da masu wurga Atom, suna cikin masu laifi. Duk da haka, binciken bai zo daga sama ba. Sai da aka sami masu ihu shekara da shekaru kafin hukuma ta waiwayo, kuma Pond yana sahun farko. Ɗan jarida Dick Russell, wanda shi ma ya shiga fafutukar, ya ba shi babban matsayi a littafinsa Striper Wars na 2005.

Matsalar ita ce kifin yana ratsa ruwan jihohi fiye da goma, kowace tana da dokarta, kowace tana cewa idan ta bari maƙwabciyarta za ta kwashe. A 1984 majalisa ta zartar da dokar kare mai ratsi, wadda ɗan majalisa Gerry Studds na Massachusetts ya jagoranta, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu. Dokar ta ce duk jihar da ta ƙi bin tsarin haɗin gwiwa, gwamnatin tarayya za ta rufe mata kamun gaba ɗaya. Gwamna Harry Hughes na Maryland ya hana kamun mai ratsi a jiharsa daga 1 ga Janairu 1985, abin da ya jefa iyalai da yawa masu cin abinci da taru cikin ƙunci. Sauran jihohi suka riƙa ɗaga mafi ƙarancin tsawon da aka yarda a ɗauka, har ya kai inci 36 a wurare da dama, don matan da aka haifa a 1982 su sami damar zuba ƙwai ko sau ɗaya. Gasar kamun kifi ta tsibirin Martha's Vineyard, wadda aka fara a 1946 da sunan wannan kifi, ta cire shi daga gasar a 1985.

Haƙurin ya biya. Awon 1989 ya yi kyau, aka buɗe kamun da taka-tsantsan a 1990, a 1995 kuma hukumar da ke kula da kifin jihohin gaɓar Atlantika ta bayyana cewa irin ya farfaɗo. Pond ya ga wannan da idonsa. Ya rasu a 2009 yana da shekara fiye da casa'in.

Idan masunta suna zancen ubangida mai kirki, yawanci suna nufin wanda ya nuna musu dutsen da kifi ke bi, ko ya ba su aron sanda, ko ya koya musu ɗaurin ƙugiya cikin duhu. Wannan alheri ne, amma yana da iyaka, domin duk wanda ka koya wa kamu ka ƙara hannu ɗaya a cikin akushi. Pond ya ƙara dubban hannaye da abin da ya ƙera. Bambancinsa da sauran shi ne ya gane cewa wanda ya yawaita masu ci, wajibi ne ya damu da abin da ya rage a tukunya. Rabin farko na rayuwarsa ya koya wa mutane kamawa, rabi na biyu ya koya musu ƙyalewa, kuma na biyun daga aljihunsa ya biya.

Darasin bai tsufa ba. A 2019 hukumar ta sake bayyana cewa an ci irin mai ratsi fiye da kima. A 2023 aka kafa dokar gaggawa da ta taƙaita abin da mai kamun nishaɗi zai ɗauka a teku zuwa tsakanin inci 28 da 31, awon 'ya'yan kifi na Maryland kuma ya yi shekaru a jere yana ƙasa. Yanzu masu nishaɗi ne ke kashe kaso mafi yawa, kuma masana sun ƙiyasta cewa cikin kowane ɗari da aka kama aka saki, tara suna mutuwa. Sirrin wuri ma ya zama tarihi, domin hoto ɗaya a Facebook ya isa ya tara motoci hamsin a gaɓar da jiya mutum uku ne suka san ta. Sanin yadda ake kamawa yana cikin wayar kowa, kyauta. Abin da har yanzu sai an koya daga mutum shi ne a cire ƙugiya da sauri, a riƙe babbar mace cikin ruwa har ƙarfinta ya dawo, a buɗe hannu ta tafi Chesapeake ta zuba ƙwai.