Karkatacciyar Katanga da Haƙƙin Mai Wucewa a Tarihin Fiƙihu

Tun ƙarni na biyu na Hijira malaman fiƙihu suke tattauna wata mas'ala da har yau alƙalai ke fuskanta: idan abin da mutum ya gina ko ya haƙa a bakin hanya ya halaka mai wucewa, wa zai ɗauki lamuni?

Imamu Malik (ya rasu 179 H) ya kafa tushen amsar a cikin Muwaɗɗa. Hadisi ya tabbata cewa babu diyya ga wanda ya faɗa rijiya, amma Malik bai bar hukuncin a sake ba, sai ya rataya shi ga izini. Wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar Musulmi inda bai halatta gare shi ba, shi ke da lamunin abin da ta jawo. Abin da bai kai sulusin diyya ba daga dukiyarsa za a biya, wanda ya kai sulusi ko ya haura kuwa yana kan aƙila, wato danginsa na wajen uba. Idan abin da ya yi halattacce ne, kamar ramin tara ruwan sama, babu komai a kansa.

Katanga ta fi rijiya wuyar hukunci, domin a miƙe aka gina ta, bisa halacci, daga baya ta karkata. Mai ita bai aikata ɓarna da hannunsa ba, sakaci kawai ya yi. Mudawwana ta Sahnun (ya rasu 240 H) ta lazimta masa lamuni idan an gargaɗe shi a gaban shaidu bai rushe ba. Ashhabu (ya rasu 204 H) ya tsananta: matuƙar haɗarin ya bayyana ga kowa, lamuni ya hau kansa ko da ba a gargaɗe shi ba. Daga baya Shehu Khalil ya tattara sharuɗɗa uku a Mukhtasar: karkata, da gargaɗi, da samun lokacin da zai isa a gyara.

Hanafawa ma sun shar'anta gargaɗi, kuma ra'ayinsu ya zama dokar hukuma a Majallatul Ahkamil Adliyya ta Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda aka tsara tsakanin 1869 da 1876. Sashe na 928 ya nuna cewa idan katangar ta karkato kan hanyar jama'a, kowane mutum yana da ikon yin gargaɗin, domin hanya haƙƙin kowa ce.

Wannan saɓani yana da nauyi a ƙasar Hausa, inda Mukhtasar ya daɗe yana hannun alƙalai, kuma katangun ƙasa kan jiƙe su faɗi da damina. Sharaɗin gargaɗi yana kare mai gida daga biyan abin da bai sani ba. Sai dai idan kunya ta hana maƙwabta magana, magadan mamaci na iya rasa diyya, alhali unguwa duka ta ga tsagewar bangon. Fahimtar Ashhabu ce ke toshe wannan kafa.

Saboda haka wanda ya ga katanga ta karkato kan hanya, ya kira shaidu ya sanar da mai ita. Yin hakan nasiha ce da ke iya tsare rai, kuma ita ke tabbatar da haƙƙi a gaban alƙali in ƙaddara ta auku. Allah ne Mafi sani.